Ƙofar Majami'a a Buɗe: Karɓar Baƙo da Ɗinke Ɓarakar Addini

Manyan garuruwa da dama a arewaci da tsakiyar Najeriya sun wayi gari a rabe gida biyu, kuma babu hukumar da ta zauna ta shata wannan iyaka, tsoro ne ya shata ta bayan kowace tarzoma. A Kaduna, tun bayan rikicin shari'a na 2000, wanda ya ci rayuka aƙalla 2,000, da na gasar sarauniyar kyau na 2002, Musulmi suka tattara zuwa arewacin kogi, irin su Tudun Wada da Rigasa da Kawo, Kirista kuma suka gangara kudu, Sabon Tasha da Unguwar Romi da Television, har bakin jama'a ya laƙaba wa ɓangare ɗaya Makka, ɗayan kuma Urushalima. Jos ta bi sahu bayan rikicin 2001 da na 2008 da na 2010.

Illar wannan rabuwa ta wuce asarar gidaje da shaguna, domin an sami samari da 'yan mata da suka girma har suka yi aure ba su taɓa shiga ɗakin wanda ba addininsu ɗaya ba, balle su ci tuwonsa. Wanda bai san mutum ba kuwa, duk abin da aka faɗa masa a kansa ɗauka zai yi, shi ya sa jita-jitar da a da maƙwabci ke kashewa da kalma ɗaya, yau sai ta zagaye unguwa a WhatsApp kafin a idar da sallar magariba.

A cikin wannan hali ne wasu shugabannin Kirista suka koma ga wata tsohuwar koyarwa ta addininsu, wato karɓar baƙo, suka mai da ita hanyar neman sulhu. Abin nufi da karɓar baƙo a nan ya zarce ba da sadaka daga nesa: shi ne mutum ya buɗe wa wanda ba nasa ba gidansa ko wurin ibadarsa, ya ci da shi, ya ɗauki nauyin tsaron lafiyarsa, ba tare da ya gindaya masa sharaɗin barin addininsa ba.

Tushen koyarwar

Littafin Farawa, wanda shi ne na farko a Littafi Mai Tsarki, ya ba da labarin yadda Ibrahim ya tari baƙi uku a ƙofar tantinsa a Mamre, ya sa aka yanka musu ɗan maraƙi tun kafin ya san ko su wane ne, labarin da Musulmi ma suka sani ta cikin Alƙur'ani. Dokokin Tsohon Alkawari sun ɗora wa Isra'ilawa nauyin kyautata wa baƙo bisa hujjar cewa su ma sun ɗanɗana baƙunci a Masar. A Sabon Alkawari kuwa, babi na 25 na Linjilar Matiyu ya sanya karɓar baƙo cikin ayyukan da za a yi wa mutane hisabi a kansu, inda aka ɗauki hidimar baƙo a matsayin hidima ga Almasihu kansa.

Misalin da ya fi dacewa da halin rikicin addini shi ne na Basamariye a babi na 10 na Linjilar Luka, domin Yahudawa da Samariyawa ba sa ga maciji, kowa na ganin ɗan'uwansa a kan ɓata, amma sai Yesu ya zaɓi ɗan ɓangaren da ake ƙyama ya zama shi ne ya ɗauki wanda 'yan fashi suka raunata, ya kai shi masauki, ya biya kuɗin jinyarsa.

Ikilisiyar farko ta mai da koyarwar tsari mai ɗorewa. Wajen shekarar 370, Bishop Basil na Kaisariya, a ƙasar Turkiyya ta yau, ya gina wata babbar unguwa ta masaukin baƙi da majinyata a bayan gari, sannan a ƙarni na 6 dokar zaman sufaye ta Benedict ta wajabta wa kowane gidan ibada ya karɓi duk baƙon da ya ƙwanƙwasa ƙofa. Musulmi kuma suna da nasu abin tunawa, domin a wajen 615 Najashi, sarkin Habasha, wanda Kirista ne a lokacin, ya ba sahabban da suka gudo daga Makka mafaka, ya kuma ƙi miƙa su ga jakadun Ƙuraishawa duk da kyaututtukan da aka zube masa.

Kwanon Kirsimeti da naman Sallah

Kafin a raba unguwanni, karɓar baƙo tsakanin addinan biyu abu ne na yau da kullum wanda ba a kira masa taro. Magidanci Kirista da zai yanka akuyar Kirsimeti yakan aika a kira maƙwabcinsa Musulmi ya sa mata wuƙa, don kada wani ya tsame hannu daga akushi saboda shakkar yanka, uwargida kuma ta ware tukunyar da ba ta taɓa ganin abin da Musulmi ke ƙyama ba, ta zuba shinkafa da miya da cincin a kwanuka, yara su rarraba gida gida. Idan Babbar Sallah ta zo, soyayyen naman layya ya biyo hanyar da shinkafar ta bi.

Wannan ɗan aiki na kiran mai yanka yana ɗauke da darasin da manyan tarukan sulhu kan tsallake, wato mai masauki na ƙwarai shi ne wanda ya san iyakar baƙonsa, ya kuma daidaita gidansa da ita tun baƙon bai buɗe baki ba. Da unguwanni suka rabu, kwanon ya rasa ƙofar da zai shiga, shi ya sa abin da a da yara ke yi da ƙafa, yanzu sai an shirya shi da gangan. Fasto Yohanna Buru na Kaduna ya yi suna a wannan fage, domin ya shafe shekaru yana karɓar Musulmi masu yawa a majami'arsa ranar Kirsimeti, shi kuma yana halartar Mauludi, yana raba kayan buɗa baki da azumi.

Yola, 2014

Gwajin da ya fi tsanani ya zo ne a Adamawa. Daga watan Agusta zuwa ƙarshen Oktoban 2014, mayaƙan Boko Haram suka kwashe Gwoza da Madagali da Michika, sannan Mubi, gari na biyu mafi girma a jihar, har suka mamaye hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, wato EYN, da ke Kwarhi. Jama'a suka kwararo kudu, wasu a ƙafa ta cikin duwatsu, wasu ta zagayen Kamaru, kuma an ƙiyasta cewa mutane kusan 400,000 ne suka sauka a Yola da kewayenta, adadin da ya kusa ninka yawan mazauna garin.

Sansanonin gwamnati ba su ɗauki ko da rabin wannan jama'a ba. Mafi yawansu a gidajen 'yan'uwa da na mutanen da ba su taɓa sani ba suka sauka, inda gida mai ɗaki uku kan wayi gari da baƙi 30 ko fiye, ana kwana a zaure da tsakar gida. Sauran kuma suka nufi makarantu da wuraren ibada.

Babbar majami'ar Katolika ta Saint Theresa da ke Jimeta na cikin wuraren da suka buɗe ƙofa. Bishop Stephen Dami Mamza, wanda ya karɓi jagorancin dayosis ɗin Yola a 2011, dayosis kuwa shi ne yankin majami'un da ke ƙarƙashin bishop guda, ya ba da umarnin a karɓi duk wanda ya zo, kuma dubban mutane suka cika harabar, aka mai da azuzuwan makaranta da zaurukan taro wurin kwana, mata na girki a manyan tukwane a fili. Ba a tsaya tambayar addini a bakin ƙofa ba, don haka akwai Musulmi a cikin waɗanda aka shimfiɗa wa tabarma. Bishop ɗin kansa ɗan Bazza ne a ƙaramar hukumar Michika, wato garinsu na cikin waɗanda yaƙin ya ci.

Aikin bai tsaya a hannun majami'a kaɗai ba. Ƙungiyar zaman lafiya ta Adamawa Peace Initiative, wadda aka kafa a 2012 ƙarƙashin inuwar Jami'ar Amurka da ke Yola, ta haɗa limamai da fastoci da 'yan kasuwa da shugabannin mata, ta riƙa rabon masara da shinkafa da wake ga mutane sama da 200,000, wani lokaci a harabar majami'ar, wani lokaci a cibiyoyin Musulmi. Muhimmancin wannan tsari shi ne ya sa malami da fada suka tsaya kafaɗa da kafaɗa a gaban jama'a masu jin yunwa da fushi, a daidai lokacin da zargin juna ke da sauƙin kama wuta, domin a Michika da makamantanta wasu Kirista na kallon maƙwabtansu Musulmi a matsayin waɗanda suka nuna wa maharan gidajensu.

Masallacin da ya jawo magana

Da sojoji suka ƙwato garuruwan a ƙarshen 2014 da farkon 2015, akasarin baƙin suka koma gida, amma wasu iyalai daga ƙauyukan da ke gefen dajin Sambisa suka rasa inda za su nufa, suka ci gaba da zama a harabar majami'ar har kusan shekara 7. Saboda su ne dayosis ɗin, da tallafin ƙungiyar Missio ta Jamus, ya gina rukunin gidaje 86 a Sangere-Marghi cikin ƙaramar hukumar Girei, aka buɗe shi a watan Afrilun 2021, da makaranta da majami'a. A cikin iyalan akwai na Musulmi da ba su wuce goma da 'yan kai ba, kuma bishop ɗin ya gina musu masallaci.

Nan fa surutu ya tashi. Wasu Kirista suka ga abin a matsayin zubar da mutunci, suna cewa ta yaya za a ɗauki kuɗin ikilisiya a gina masallaci alhali majami'u da yawa na kwance a ƙone, kuma akwai garuruwan Arewa da Kirista ke shan wahala kafin su sami filin gina wurin ibada. Ƙorafin na biyu yana da ƙamshin gaskiya, bai kamata a share shi ba. Hujjar bishop ɗin kuwa ita ce, mutanen nan tare suka gudo, tare suka zauna, kuma tunda an tanadar wa wasu wurin ibada, adalci ne a tanadar wa sauran.

Idan aka auna da kyau, masallacin ne ya ba wa sauran aikin ma'ana, domin babban abin da ke sa Musulmi ɗari-ɗari da agajin majami'a shi ne fargabar cewa buhun masara ƙugiya ce, ana so ne a ja mayunwaci zuwa ga sabon addini, kamar yadda Kirista ma ke da irin wannan fargaba game da agajin da ya fito daga masallaci. Wanda ya gina maka wurin da za ka yi sallarka ya amsa wannan zargi da bulo da siminti, amsar da ta fi kowace huɗuba shiga kunne. Irin wannan tunani ne ya sa Markus Gamache, wani jami'in EYN, ya kafa matsugunin Gurku a jihar Nasarawa, inda aka zaunar da 'yan gudun hijira Musulmi da Kirista wuri guda da gangan.

Afirka ta Tsakiya

A Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya abin ya kai ga sayar da rai. Bayan da 'yan tawayen Seleka, waɗanda akasarinsu Musulmi ne, suka ƙwace Bangui a watan Maris na 2013 suka tafka ta'asa, sai mayaƙan sa-kai da ake kira Anti-balaka suka tashi ramuwa a kan duk wani Musulmi, ɗan kasuwa ne ko makiyayi. A watan Disambar shekarar, Akbishop Dieudonné Nzapalainga ya ɗauko shugaban majalisar Musulmin ƙasar, Imam Omar Kobine Layama, da iyalinsa ya ajiye su a gidansa na tsawon watanni, kuma daga wannan gida su biyun, tare da Fasto Nicolas Guérékoyamé-Gbangou, suka riƙa fita rangadin kwantar da hankali.

A garin Bossemptélé, Fada Bernard Kinvi, ɗan ƙasar Togo mai kula da asibitin mishan, ya ɓoye Musulmi kimanin 1,500 a farkon 2014, da yawansu Fulani, yana fita da kansa ya kwaso masu rauni ya kuma binne gawarwaki, har aka samu aka ɗora mafi yawansu a manyan motocin da ke zuwa Kamaru. A Bangassou kuma, a watan Mayun 2017, Bishop Juan José Aguirre ya tsugunar da Musulmi kusan 2,000 a makarantar horar da limaman Katolika da ke kusa da babbar majami'ar garin.

Zaman Bangassou ya nuna ɗayan gefen al'amarin. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, amma wannan baƙunci ya ɗauki shekaru, mayaƙa na kewaye da wurin, masu masaukin na shan barazana daga mabiyansu, a cikin baƙin ma aka sami samarin da ƙunci ya tunzura, har dangantaka ta yi tsami tsakaninsu da limaman da suka ba su mafaka. Mafakar ta ceci rayuka, sai dai ba ta iya mayar da kowa gidansa ba, domin wannan aiki ne na hukuma mai bindiga da kotu, abin da ƙasar ta rasa.

Dalilin da ya sa yake tasiri

Masu aikin sasanci sun daɗe da lura cewa taron otal, inda ake karanta jawabai a raba takardar bayan taro, ba kasafai yake canza zukata ba, saboda kowa kan zo ne a matsayin wakilin ɓangarensa, da maganar da aka ba shi ya faɗa. Zama a gidan mutum kuwa yana tuɓe wannan rigar wakilci: baƙo na ganin mai gida da ciwon kansa da kukan 'ya'yansa, mai gida kuma na jin baƙonsa ya tashi da asuba yana neman buta. Bayan haka, wanda aka ɓoye ya zama shaida mai rai, duk ranar da aka ce mutanen addini kaza duk halinsu ɗaya, akwai wanda zai ce shi ya ga akasin haka da idonsa.

Akwai kuma bashin alheri, wanda kan daɗe bai ruɓe ba. A watan Yunin 2018, lokacin da mahara suka afka wa ƙauyukan Barikin Ladi a jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar ya ɓoye mutane sama da 260, galibinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa yana roƙon maharan har suka juya. Daga cikin dalilan da ya bayar akwai cewa shekaru 40 kafin harin Kiristocin yankin ne suka ba Musulmi filin da aka gina masallacin kyauta. Waɗanda suka ba da filin ba su san 'ya'yansu da jikokinsu ne za su fake a cikinsa ba.

Ko a fagen siyasar ƙasa da ƙasa an ga irin haka. Ƙungiyar Sant'Egidio ta birnin Rum, wadda ɗalibai Katolika suka kafa a 1968 kuma aka fi sani da ciyar da marasa galihu, ita ce ta sauki wakilan gwamnatin Mozambik da na 'yan tawayen Renamo a tsohon gidan ibadarta sama da shekara 2, har aka rattaba hannu a kan yarjejeniyar da ta kawo ƙarshen yaƙin basasar ƙasar ranar 4 ga Oktoban 1992.

Masu suka, da inda ƙofa ta zama tarko

Tarihi bai bar Kirista su yi alfahari da wannan koyarwa ba tare da sunkuyar da kai ba. A Ruwanda, a 1994, dubban 'yan ƙabilar Tutsi sun ruga majami'u bisa imanin cewa ba za a taɓa su a can ba, amma a Ntarama da Nyamata a cikin majami'un aka hallaka su, a Nyange kuma aka rushe ginin a kan mutane kusan 2,000, laifin da ya sa kotun ƙasa da ƙasa ta yanke wa Fada Athanase Seromba ɗaurin rai da rai. Ginin ibada ba ya kare kowa idan mai riƙe da makullinsa ya zaɓi ƙabilarsa.

A gida Najeriya sukar ta kasu kashi kashi. Wasu malaman Musulunci ba su yarda Musulmi ya halarci bikin Kirsimeti a majami'a ba, ko da yake akasarinsu ba sa jayayya a kan kyautata wa maƙwabci, wasu fastoci kuma na ganin zuwa Mauludi sassauci ne a kan aƙida. Masu tsaron majami'u suna da tasu damuwar, domin tun bayan harin bam na Madalla a Kirsimetin 2011, shingaye da na'urar bincike suka zama ruwan dare a ƙofofin ibada, kuma da wuya a ce wa wanda ya binne 'yan'uwansa ya bar ƙofa a buɗe. Sai kuma waɗanda ke cewa, da hujja mai ƙarfi, ziyarar manya da ɗaukar hoto ba ta sauka ƙasa, kuma cin abinci tare ba ya maye gurbin hukunta wanda ya yi kisa, alhali rahotannin kwamitocin bincike na rikicin Jos da Kaduna sun daɗe a ajiye ba a aiwatar da mafi yawan shawarwarinsu ba.

Wane ne mai gida?

Suka mafi nauyi ita ce wadda ta taɓa tsarin kansa. Karɓar baƙo na buƙatar mai gida da baƙo, kuma a Najeriya wannan rabo shi ne ainihin abin da ake faɗa a kansa. A Jos, Berom da Afizere da Anaguta ne ake ɗauka 'yan asalin ƙasa, Hausawa da Fulanin da kakanninsu suka zo tun zamanin haƙar kuza a farkon ƙarni na 20 kuma ana lissafa su cikin 'yan zuwa, yayin da a Kano da Zariya da Sakkwato Kiristan da aka haifi ubansa a Sabon Gari ke fuskantar irin wannan lissafi. Mutumin da ke ganin garin nasa ne ba ya so a karɓe shi hannu bibbiyu, so yake a daina kiransa baƙo.

Kundin tsarin mulki na 1999 ya hana nuna bambanci saboda addini ko asali a sashe na 42, amma a sashe na 147 ya sharɗanta a naɗa minista daga 'yan asalin kowace jiha, ba tare da ya shimfiɗa cikakken ma'aunin da za a bi a ko'ina ba, don haka ƙananan hukumomi ne ke ba da takardar shaidar asali, kowace da son ranta. Da wannan takarda ake neman gurbin karatu da tallafin makaranta da aikin gwamnati da shiga soja. Iyalan da aka tsugunar a Gurku, waɗanda suka fito daga Borno da Adamawa, suna haihuwa a jihar Nasarawa, kuma ranar da 'ya'yansu za su nemi wannan takarda, bisa tsarin da ake bi a yau, za a tura su ne ƙananan hukumomin da iyayensu suka gudo daga cikinsu.